Manhajar da Ta Mutu Ba Wasiyya

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin rajista na ma'aikatar gwamnati ya san ƙa'idar da ake fara koya wa sabon akawu: fayil ba ya barin teburinka sai ka rubuta inda ya nufa, da wanda ya karɓa, da ranar da ya fita. Haka nan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ba ya ɗaukar hularsa ya kama hanya, sai ya bar takardar miƙa aiki, domin magajinsa ya san inda aka kwana. Wannan ladabi ne da aka riƙe tun zamanin tafireta. To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga mun miƙa wa kwamfuta rabin aikin ofis, daga biyan albashi har rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa, amma ba mu nemi ta bi wannan ladabi ba. Sai ka ga manhaja tana tsakiyar aiki ta durƙushe, ta bar maka layi guda a allo, wai an sami kuskure, a sake gwadawa. Kuskuren me? A kan fayil ɗin wa? Oho.

Bari in fara da abin da ya same ni. Sa'ad da nake koyon aiki a wani ofishi, an ɗora mini kula da wata manhaja da ke kwashe sunayen ma'aikata daga wani dogon jeri tana zubawa cikin rumbun bayanai. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin wurin. Ran nan da dare, ana gobe za a rufe lissafin wata, sai ta mutu. Ba zan yi mata ƙazafi in ce ba ta bar kome ba. Ta bar abin da zan kira silsilar kira, watau jerin sassanta da suka kira juna, wane ya kira wane, wane ya kira wane, har zuwa sashen da ya faɗi, tare da lambar layin da aka tsaya. Na duba layin nan sama da ƙasa ban ga aibinsa ba. Layi ne da ya wuce dubban sunaye lafiya a daren, sa'an nan ya tuntsure a kan guda ɗaya. Wane ne gudan? Rahoto ya yi gum. Haka na kwana ina raba jerin gida biyu, in gwada rabi, in sake raba rabin da ya faɗi, kowane gwaji kuwa da jiransa, har aka yi kiran assalatu kafin in cim ma mai laifin. Ashe wani bawan Allah ne mai alhamza a sunansa, irin ta Mu'azu ko Sa'adatu, manhajar kuwa ta ɗauki alamar a matsayin ƙarshen zance. Tsofaffin akawunan ofishin sun saba yar da alhamza in suna shigar da suna. Wani sabon yaro mai kiyaye ƙa'idar rubutu shi ne ya sa ta. Da gari ya waye shi aka kira aka yi wa faɗa, wai ya ɓata kwamfuta.

Da rahoton nan ya ƙara 'yan kalmomi, ya ce "ina kan jeri na kaza", da aikin dare guda ya koma na minti biyar.

Ga ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya: manhajar da ke mutuwa ba ta faɗi abin da take riƙe da shi ba, ba a gama rubuta ta ba, kome kyawun fuskarta. Silsilar kira tana gaya maka inda aka faɗi, ba ta gaya maka inda aka yi tuntuɓe. Kamar a zo a ce maka motarka ta kife a gadar kaza, amma a rasa mai faɗa maka kayan da ta ɗauko, da nauyinsu, da tashar da aka yi lodi. Gadar nan motoci ɗari sun bi ta lafiya a ranar. Abin da kake bukatar sani yana cikin takardar kayan.

Gyaran kuwa ba wani abin tsoro ba ne. Kafin manhaja ta shiga kowane aiki mai nauyi, sai ta ajiye 'yar takarda a wani gurbi da aka keɓe cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ta ce "ina karanta fayil kaza". In ta nutsa ciki ta ɗora wata a kai, "ina kan jeri na kaza". In ta gama lafiya ta ɗauke takardunta ta wuce. Ba a rubuta kome a faifai, ba a aika kome ta intanet, saboda haka nauyin abin bai taka kara ya karya ba. Sai ran da ajali ya zo ne kaɗai ake tattara takardun da suka rage a gurbin, a liƙa su jikin rahoto. Wannan ita ce wasiyyar da nake nufi.

Kada wani ya ce ƙirƙirata ce. Akwai wata manhaja mai suna Clang, tafinta ce da ke juya rubutun ɗan'adam zuwa harshen na'ura. In ta faɗi, kafin ta jero silsilar kiranta takan buga wani ɗan jeri mai lamba: umarnin da aka kira ta da shi, da fayil da layin rubutun da take cikin fassarawa, da sunan sashen da take aiki a kai. Ga 'yan'uwana ɗalibai, yana da kyau ku sani cewa LLVM, babban aikin da Clang ta tsiro daga cikinsa, a Jami'ar Illinois aka fara shi cikin 2000, kuma ɗalibi ne, Chris Lattner, ya fara shi tare da malaminsa Vikram Adve. Chrome, wadda yawancinmu ke shiga intanet da ita, tana da wasu 'yan gurabe masu suna da aka ƙayyade wa tsawo, wani na harafi 32, wani 64, wani 256, inda marubucinta ke ajiye abin da yake so ya gani in ta faɗi a hannun wani a can wata uwa duniya. Harshen Go tun 2019, da Python tun fitowar 3.11 a watan Oktoba na 2022, sun sauƙaƙa wa marubuci ya liƙa ƙarin bayani jikin kuskure yayin da yake ratsowa daga sashe zuwa sashe, daidai da yadda fayil ke tara sharhin jami'ai kafin ya isa teburin babban sakatare.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai an rubuta tun kafin faɗuwa? Me zai hana a jira ta faɗi sa'an nan a tambaye ta? Dalili shi ne, a wannan sa'a ba a dogara da hankalinta. Sau da yawa abin da ya kashe ta shi ne ɓacin ƙwaƙwalwar da take aiki da ita. In ka ce ta nemi sabon gurbi ta tsara maka dogon bayani, sai ta sake faɗuwa a kan faɗuwa, ko ta sandare, ka rasa rahoton ɗungum. Don haka ne ake tanadar gurbin tun da wuri, a ƙayyade girmansa, a cika shi da sauran lafiya. Masu Chrome ma ba su bar wa mamaciyar aikin ba: wani ɗan shiri daban suka ajiye yana gadi a gefe, shi ke zuwa ya karanta abin da ta bari. Wasiyya ai da sauran hankali ake yin ta.

In ana son a ga amfanin 'yar takardar nan a inda dukiya ta salwanta, a dubi abin da ya faru a Kuru, ta Giyanar Faransa, ran 4 ga Yuni, 1996. A ranar ne aka harba rokar Ariane 5 karo na farko, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu. Ba ta cika daƙiƙa 40 ba ta karkace ta tarwatse, tarkacenta ya watsu cikin dausayi da fadama mai faɗin murabba'in kilomita kusan 12. Na'urorin nan biyu masu auna inda rokar ta dosa an tsara su ne a kan in sun gamu da kuskure su rubuta halin da suke ciki a wata ƙwaƙwalwa da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, sa'an nan su kashe kansu. Aka tsinto su cikin tarkace, aka karanta. Sai ga zance a fili: wani adadi da ke zaune a gurbi mai faɗin 64 aka nemi a cusa a gurbi mai faɗin 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Rubutun gado ne daga Ariane 4, wadda ba ta kai sabuwar gudun gefe ba. Kwamitin bincike a ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya miƙa rahotonsa ran 19 ga Yuli, mako shida da 'yan kwanaki ke nan. Amma akwai wani darasi mai ɗaci cikin labarin. Na'urar ta kuma aika saƙon neman agajinta ta hanyar da take aika bayanan tafiya, babbar kwamfutar rokar ta karanta shi a matsayin umarnin hanya, ta murɗe bututun wuta har ƙarshe. Watau wasiyyar da aka ajiye a gurbinta ta warware asiri, wadda ta faɗa hannun da ba nata ba ita ce ta kife rokar.

To, wani zai ce ai manhajojinmu suna ba da lambar kuskure, ba ta isa ba? Amsa ita ce, ya danganta da abin da ke bayan lambar. Ran 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 na gangarawa kan wata, kwamfutarsa ta yi ƙara ta nuna 1202. Kwamfuta ce da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce gurbi 2,048 ba, ba ta da sararin dogon turanci. Amma a Houston akwai wani saurayi ɗan shekara 24, Jack Garman, da ya rubuta dukkan lambobin ƙararrawa da hannu a takarda guda, da ma'anar kowace, da abin da za a yi, saboda a wani atisaye da aka yi kafin tafiya irin wannan lamba ta sa an soke sauka ba gaira ba dalili. Ya duba takardarsa: 1202 na nufin aiki ya yi wa kwamfutar yawa, ta zubar da marasa muhimmanci ta riƙe na tuƙi. Aka ce a ci gaba. Sau biyar ƙararrawa ta buga, huɗu 1202, ɗaya 1201, aka kuma sauka lafiya.

Yanzu a kwatanta da garin Tyler na jihar Teksas, ran 21 ga Maris, 1986. Wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25 ta tsaya tsakiyar aiki, allonta ya nuna kalmar Turanci guda mai ma'anar tangarɗa, sai lamba 54. Takardar da ke liƙe jikin na'urar ba ta ba da wani bayani mai amfani a kan lambar ba, littafin jagora ma haka. Allon kuma ya nuna wai maganin da aka bayar bai kai yadda aka nema ba. Ma'aikaciyar ta saba ganin irin waɗannan lambobi kullum ba abin da ke biyo baya, ga shi a ranar na'urar gani da ta ji da ke haɗa ta da ɗakin majinyaci ba sa aiki, sai ta danna maɓallin ci gaba. Mutumin da ke kwance ya sha ƙuna ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta masa, ya rasu bayan wata biyar. Mako uku bayan na farko, lamba 54 ta sake fitowa a kan wani majinyacin, shi ma ya rasu. Sai da masanin fiziya na asibitin, Fritz Hager, ya zauna da ma'aikaciyar suna maimaita abin da ta yi, kana suka gano cewa in aka gyara umarni da sauri, cikin daƙiƙa 8, allo yakan nuna abu ɗaya na'urar tana kan wani. Da lambar nan ta zo da jimla guda mai faɗin yanayin da na'urar take ciki da wanda aka nema, anya yatsa zai kai ga maɓallin nan? Lamba huɗu ta ceci tafiya zuwa wata domin akwai mai fassara ta. Lamba biyu ta ci rai domin babu.

Akwai masu suka iri biyu, kuma dukansu suna da abin faɗa. Na farko su ne masu cewa, in haka ne a rubuta kome da kome mana, kowane motsi na manhaja ya shiga rajista. Na gwada, ban ji daɗi ba. Aiki yakan yi nauyi, faifai ya cika, ran da ake neman layin da ya dace kuma ya zama allura cikin ruwa. Ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ma haka: wa zai aika fayil mai wannan girma da datar da ya saya da kuɗin abincinsa? Kamfanin Microsoft, da ya sa tsarin aika rahoton faɗuwa cikin Windows XP a 2001, gajeren rahoto yake fara karɓa, ya jera masu kama da juna a kwando ɗaya, sai in da bukata ya nemi ƙari. Daga wannan ƙidaya ne shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya bayyana cikin 2002 cewa kashi 1 cikin 100 na aibobin manhaja ne ke jawo rabin kurakuran da ake kawo ƙara. Ba za ka san wane ne kashi ɗayan ba sai rahotanni sun yi gajartar da mutane za su yarda su aika, sun kuma yi bayanin da za a iya ware su.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta sirri. 'Yar takardar da ta ce "ina kan jeri na kaza" ba ta da laifi. Wadda ta kwafo sunan mutum da lambar asusunsa da cutar da ke damunsa ta zama tonon silili, domin rahoton faɗuwa yawo yake yi, daga allon akawu zuwa wayar ɗan kwangila zuwa inda Allah kaɗai ya sani. A watan Mayu na 2018 Twitter ta roƙi masu amfani da ita, sama da miliyan 300, su canza kalmomin sirrinsu, saboda an gano ana rubuta su tsirara cikin wata rajista ta cikin gida. A Disamba ta 2021 kuwa aka gano cewa Log4j, kayan aikin da dubban manhajoji ke rubuta rajistarsu da shi, ana iya aiko masa da rubutu ya ɗauke shi umarni ya zartar, watau littafin gadi ya zama ƙofar ɓarawo. A Nijeriya ma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane. Amma wannan duk bai rushe maganata ba, iyaka ya yi mata. A rubuta lambar jeri, ban da abin da ke cikin jerin. A rubuta sunan gurbi da tsawon abin da aka zuba masa, ban da abin kansa. Wanda ke da izinin buɗe fayil ya bi lambar ya gani da idonsa.

Yanzu gare ku, matasan ma'aikata, don ku ne kan gaba in abu ya ɓaci. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu riƙon ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, dogaro da alƙaluman wata manhaja mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu. Ɗaya daga aibobinta an laƙaba masa sunan Dalmellington, wani ƙauye a Sikotilan: allo yakan sandare sa'ad da ake tabbatar da karɓar kuɗi, duk dannawar da ma'aikaci ya ƙara sai a sake rubuta kuɗin. A can fam 8,000 ya shiga lissafi sau huɗu, aka wayi gari da giɓin fam 24,000 da ba wanda ya taɓa. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da aibobi masu haifar da irin wannan giɓi, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar wanke waɗanda aka yanke wa hukunci. Kafin nan wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasu. Ban ce 'yar takarda kaɗai za ta hana wannan zalunci ba, domin kamfanin yana da nasa kundin aibobin da ya sani, ba a dai nuna wa waɗanda ake tuhuma ba. Abin lura ke nan: wasiyyar da mai kwangila kaɗai ke iya karantawa ba ta kare akawu.

Saboda haka in an kawo muku takardar kwangilar sabuwar manhaja ku sa hannu, ku nemi a rubuta cikin sharuɗɗa cewa duk sa'ad da ta faɗi za ta nuna wa mai aiki da ita lambar shaida da lokaci da aikin da take ciki, cikin harshen da zai fahimta, za ta kuma faɗa masa ko abin da ya shigar ya shiga ko bai shiga ba; sa'an nan kwafen cikakken rahoton ya zauna a hannun ma'aikatar. Ranar gwaji kada ku tsaya kallon yadda take aiki in kome lafiya, ai ɗan kwangila ya yi bita a gida. Ku ba ta fayil mai ɓaraka, ku zare wayar intanet tana tsakiyar aiki, ku karanta abin da za ta ce.

Malamanmu na sashen kwamfuta ma ina da ƙorafi a kansu, cikin ladabi. Aikin ƙarshen shekara ana ba shi maki ne a kan kyawun allo da tafiya sumul na minti goma a gaban masu jarrabawa, don haka ɗalibi ya koyi ɓoye kuskure: ya kama shi ya haɗiye, ya buga "an sami matsala", ya wuce. Wannan ya fi faɗuwar muni, domin ko silsilar kiran ma ta tafi. Me zai hana a ware maki ga rahoton faɗuwa, a ba wani ɗalibin da bai taɓa ganin rubutun ba ya nemo aibin da rahoton kaɗai, a duba minti nawa zai ɗauka?

Ni dai kafin in bar ofishin nan na ƙara wa manhajar layi uku. Bayan wata biyu ta sake mutuwa, wannan karon da rana tsaka. Rahoto ya ce tana karanta fayil ɗin sababbin ma'aikata, ta ba da lambar jeri, ta ce gurbin ranar haihuwa ne. Yaron nan mai alhamza shi ya karanta da kansa, ya jawo fayil, ya tarar an rubuta 30 ga Fabrairu. Ya ɗauki takardar ya nufi ofishin da ta fito.